CITTA TAMU, JIRGI NA WA?

Ranar Lahadin da ta wuce ɗan ƙanwata ya same ni a gida a nan Agege, bayan ya tashi daga aikin gadin da yake yi a wani sito a Apapa. Ko ruwan da aka kawo masa bai gama sha ba sai ya zaro wayarsa ya miƙo mini, ya ce, "Kawu, don Allah duba mini wannan." Da na duba sai na ga tallar waɗansu mutane ce, masu cewa wai suna sayar da hannun jarin kamfanonin dillancin jiragen ruwa na Ingila, kuma wai duk wanda ya zuba naira 200,000 zai riƙa karɓar riba ƙarshen kowane mako. Kuɗin da yaron yake nufin zubawa kuwa gumin shekara ɗaya da rabi ne, ya tara su domin ya aika Kwoi a sayi irin citta, saboda tun daga annobar da ta faɗa wa gonakin Kudancin Kaduna a daminar 2023 gidansu bai sake cika gonarsa da citta ba, iri ya yi tsadar da ta fi ƙarfin talaka.

Na hana shi, kuma zan faɗi dalili a gaba. To, amma tambayar da ya yi mini bayan ya mayar da wayar aljihu ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Cewa ya yi, "Kawu, kullum ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon buhunan cittarmu ana cusa su cikin kwantena, jirgi yana ɗauka yana tafiya. Watau mu ba mu da rabo a cikin jirgin nan har abada ke nan?"

Jama'a, 'yan'uwana mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha da sauran biranen Kudu, wannan tambaya ta cancanci amsa ta gaskiya, domin kuwa ba mutumin Kwoi kaɗai ta shafa ba. Ta shafi mai riɗi na Jigawa, da mai zoɓo na Maigatari, da mai fata na Kano, da direban tirela, da ɗan dako, da maigadi, da mai shayin da ke kwana a gindin gadar Ijora. Mu ne muke noma kayan, mu ne muke ɗauko su, mu ne muke gadinsu har su shiga ruwa, daga nan kuma sai labari ya ƙare a wajenmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Bari mu bi sawun buhu ɗaya tun daga gona. A ƙasar Jaba, wadda Kwoi ce hedikwatarta, da Kachia da Kagarko da Jama'a, akan shuka citta da faɗuwar ruwan farko, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ko Tafin Giwa ko Yatsun Biri, a lulluɓe ta da ganye, a yi ta cire ciyawa, sai wajen ƙarshen shekara a tone. Mata da yara su tsaga ta, a shanya har ta bushe ƙarau, sannan a ɗura a buhu. Wannan aiki jama'ar wurin suna yinsa tun wajen 1927, watau kusan lokaci ɗaya da isowar jirgin ƙasa Kafanchan, kuma shi ne ya sa ake lissafa Nijeriya cikin manyan ƙasashen da ke noma citta a duniya. Masu saye a Indiya da Dubai da ƙasashen Turai suna nemanta ne saboda yajinta da yawan manta. A da, daga tashar Kafanchan ake loda ta a jirgin ƙasa. Yau a bayan tirela take yin tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa Ikko, ta biya kuɗi a kowane shinge, ta kwana a layi, kafin ta samu shiga tashar Apapa ko ta Tin Can.

Daga bakin ƙofar tashar nan fa hannuwa suke yawaita. Akwai mai sito, akwai ejan mai shirya takardun kwastan da nema wa kaya gurbi a jirgi, akwai kamfanin da ke riƙe da dandalin lodi tun da gwamnati ta ba da hayar tashoshi ga 'yan kasuwa a 2006, akwai wakilin kamfanin jirgi, akwai mai inshora, sannan ga mai jirgin kansa. Kowannensu yana yankar rabonsa, yawancinsu kuma da dala ake biyansu, ko damina ta yi kyau a Kwoi ko ba ta yi ba. A shekarar da annoba ta cinye citta, har Gwamnatin Tarayya da kanta ta ƙiyasta asarar manoma da fiye da naira miliyan dubu 12, jirgin da bai samu citta ba ya ɗauki koko da kashu ya yi gaba abinsa. Manomi ne kaɗai ba shi da wata gona ta biyu a cikin ruwa. Don haka yaron nan bai yi wauta ba da ya yi sha'awar mallakar wani ɗan yanki na wannan sana'a. Inda gizo ke saƙar shi ne wane yanki, a hannun wa, kuma da wane kuɗi.

Shi wannan dillancin jiragen ruwa da ake ta kururutawa, wanda ya taɓa zama a zangon shanu ko kasuwar goro ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kansa. Tun da aka kafa Sabo a Badun a 1916 kakanninmu suke gudanar da irin wannan aiki. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa bai san mahaucin da zai saya ba, mahauci kuma bai san shi ba, sai dillali ya shiga tsakani, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke gudu, ya daidaita farashi, ya karɓi la'adarsa. Saniyar ba tasa ba ce, in ta mutu a hanya ba shi aka yi wa asara ba. Haka nan ɗan kamasho a tashar mota, ba shi da ko taya ɗaya amma shi ke haɗa mai kaya da mai mota. To dillalin jirgi shi ne wannan mutum, sai dai shi jirgi sukutum yake nema wa shata. Mai alkama a Kanada yana neman jirgin da zai kai masa ton 50,000 Apapa, mai jirgi a ƙasar Girka yana neman kaya, dillali a Landan ya haɗa su ta waya, ya karɓi abin da aka saba, watau naira ɗaya da kwabo 25 a cikin kowace naira 100 ta kuɗin dako. In dakon ya kama dala miliyan ɗaya, ya tashi da dala 12,500 ke nan bai taɓa ruwan teku ba. In kuwa jirgin ne kansa aka sayar, yawanci kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin jirgin yake samu.

Mafi girma a cikin irin waɗannan kamfanoni shi ne Clarksons na Landan, wanda aka kafa tun 1852, kuma ana sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta Landan, shi da wani mai suna Braemar. Gaskiya ce, ba ƙarya ba, cewa Clarksons ya yi fiye da shekara 20 a jere yana ƙara yawan ribar da yake raba wa masu hannun jarinsa. Amma a nan akwai abin da ya kamata mutumin Kwoi ya lura da shi. Irin waɗannan manyan dillalai ba su da ruwa da kwantena ɗaya ta citta, wannan aikin ejan ne da wakilin kamfanin jirgi a nan Apapa. Inda hannun dillalin Landan yake taɓa mu shi ne jirgin alkama da na takin zamani da ke shigowa, da manyan jiragen ɗanyen mai da ke fita daga Bonny da Forcados. Wanda ya sayi hannun jarinsa, ya sani cewa cinikin duniya gaba ɗaya ya sa wa kuɗi, ba buhun babansa ba.

In aka tambaye ni wanne ya fi kwanciyar hankali tsakanin hannun jarin mai jirgi da na dillalin jirgi, zan ce na dillali, kuma dalilina a rubuce yake a tarihin kasuwar nan. Akwai wani ma'auni da kasuwar Baltic ta Landan ke fitarwa kowace ranar aiki, mai nuna tsadar dakon busasshen kaya kamar alkama da kwal da tama. A watan Mayu na 2008 ma'aunin ya kai 11,793. Kafin watan Disamba na wannan shekarar ya ƙare ya faɗo 663. A watan Fabrairu na 2016 kuwa har 290 ya taɓa. A cikin wannan shekara ta 2016 kamfanin Hanjin na Koriya ta Kudu, na bakwai a girma a duniya wajen dakon kwantena, ya durƙushe, jiragensa suka yi makonni suna shawagi a teku tashoshi sun ƙi karɓarsu don tsoron ba za a biya su ba, masu hannun jarinsa kuma suka tashi a tutar babu. Sai kuma aka juya. Bayan annobar korona, a watan Satumba na 2021, dakon kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin teku ya haura dala 10,000, kamfanin Maersk ya ci ribar kimanin dala miliyan dubu 29 a 2022. Shekara ɗaya bayan haka dakon ya dawo ƙasa da dala 1,500, ribar Maersk ta koma ƙasa da dala miliyan dubu 4. Dalilin wannan hawa da sauka ba wani asiri ba ne. In dako ya yi tsada kowa sai ya ruga ya ba da odar sabon jirgi, ƙera jirgi kuwa yana cin shekara biyu ko uku, sai jiragen su fito gaba ɗaya a lokacin da kaya suka ragu. Manomin citta ya san wannan ciwo, domin duk shekarar da ta yi kuɗi, shekara mai zuwa har bayan ɗaki akan shuka ta.

Mai jirgi yana ɗauke da bashin banki a wuyansa ko jirgi na tafiya ko yana tsaye, ga albashin matuƙa, ga gyara. Dillali ba shi da wannan nauyi. Sai dai kada a ɗauka shi ba ya jin jiki, tun da la'adarsa kashi ce cikin ɗari, in dako ya faɗi ita ma ta faɗi. Bugu da ƙari, jarin kamfanin dillanci mutane ne da amanar da abokan ciniki suka ba su. Duk wanda ya taɓa ganin babban dillali ya ɓata da maigidansa a zango ya koma gidan maƙwabci, fatake suka bi shi ɗungurungum, ya san abin da nake nufi. Don gudun haka kamfanin yakan ware wa dillalansa babban rabo daga riba kafin mai hannun jari ya ga nasa. Ga 'yan'uwa Musulmi masu kiyaye maganar riba ta ruwa, wannan bambanci yana da amfani, domin kamfanonin da suka mallaki jirage galibi bashi mai ruwa ya yi musu yawa, ya kamata mutum ya tambayi malaminsa da takardun kamfanin a hannu.

To, mu dawo gida. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cewa ƙasar nan ta taɓa kama hanyar mallakar jiragenta, ta saki. A 1959 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, watau NNSL, da haɗin gwiwar Elder Dempster da Palm Line, a 1961 gwamnati ta saye rabonsu. Dattawan da suka yi aiki a Apapa a wancan zamani suna tuna jirage masu suna Dan Fodio da El Kanemi da King Jaja da Oduduwa da Ahmadu Bello, suna shigowa da tutar kore da fari. A 1977 aka ba da odar sababbin jirage 19 a lokaci ɗaya. Shekara 18 bayan haka, a 1995, aka rufe kamfanin, bashi ya ci shi, an kama waɗansu jiragensa a tashoshin ƙasashen waje, sauran an sayar. Kamfani ne na kowa da kowa, watau ba na kowa ba. Babu wani ɗan kasuwa a Kafanchan ko Sabon Gari da yake da takardar hannun jari a cikinsa, balle ya tashi a taron shekara ya tambayi manaja inda kuɗi suka shiga. Wanda yake ganin sakaci a bakin teku ƙaramin abu ne, ya tambayi waɗanda suka ga 1975, lokacin da jirage fiye da 400, yawancinsu na siminti, suka yi cincirindo a gaɓar Ikko, waɗansu suka yi watanni suna jira, ƙasa tana biyansu tarar jinkiri kowace rana. Wannan cunkoso ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

Dama ta biyu ita ce dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, da wadda ta biyo bayanta a 1977. Dokar farko ta keɓe aikin fito da kaya daga tasha ga 'yan Nijeriya kaɗai, ta kuma tilasta wa kamfanonin baƙi da yawa su sayar da wani kaso na hannun jarinsu. Wa ya saya? Waɗanda ke kusa da Marina, masu karanta jarida da Turanci, masu aboki a banki. Jihohin Arewa sun yi ƙoƙari ta hannun kamfanin NNDC na Kaduna, amma shi talakan Arewa da ke zaune a Ikko, wanda ofishin da ake sayar da takardun bai fi tafiyar bas ɗaya daga ɗakinsa ba, bai ma ji labari ba sai da aka gama rabo. Daga baya an samu manyan 'yan Arewa a harkar, alal misali Alhaji Bamanga Tukur, wanda ya shugabanci hukumar tashoshin jiragen ruwa daga 1975 zuwa 1982, da marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa, waɗanda suka haɗu da marigayi Abiola da Raymond Dokpesi suka kafa Africa Ocean Lines a shekarun 1980. Wannan kuwa ciniki ne na manya, ba a kira mu ba. A 2003 aka yi dokar da ta keɓe sufurin cikin ruwan Nijeriya ga jiragen 'yan ƙasa, aka kafa asusun ba su rancen sayen jirage, aka yi shekara 20 cur ana tara kuɗi a cikinsa ba a ba ko mutum ɗaya ba.

Sakamakon duk wannan shi ne, in yau ɗan ƙanwata ya ɗauki kuɗinsa na halal ya tafi wurin dillalin hannun jari mai lasisi ya ce yana son rabo a cikin kamfanin da ke ɗaukar cittar Kwoi, ko wanda ke loda ta, dillalin zai girgiza kai. Manyan kamfanonin da ke cin kuɗin kwantena a Apapa da Tin Can da Onne da Lekki ba sa cikin kasuwar hannun jari ta Nijeriya. Ɗan abin da ke akwai mai ƙamshin ruwa, kamar C&I Leasing da Caverton, yawancin aikinsu hidima ce ga kamfanonin haƙar mai, don haka arzikinsu yana bin farashin mai ne. Wani kuma, Japaul, wanda mutane suka saya da sunan harkar jiragen ruwa, a 2020 ya sake suna ya juya ga haƙar zinariya. Ban ce laifi ne ba, dokar kasuwa ta yarda, amma darasi ne cewa sunan da ke kan takarda ba alkawari ba ne.

Hannun jarin ƙasashen waje kuwa ana iya sayensa ta hanyar da doka ta yarda, sai dai da kuɗin waje. A ƙarshen 2024 hannun jari ɗaya tak na Clarksons ya wuce fam 30, fam ɗaya kuma yana kai da komowa a wajen naira 2,000. Watau gumin yaron nan na shekara ɗaya da rabi ba zai saya masa abin da ya wuce uku ba, ribar da za a raba masa a shekara kuwa ba za ta sayi buhun taki ba. Kuma sau biyu ake raba ta a shekara, ba kowane mako ba. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin tallar da ke cikin wayarsa. Babu wani kamfanin jirgi ko na dillanci a duniya da ke biyan riba mako-mako, kuma ba ya sayar da hannun jarinsa ta hannun wani mai lambar waya da ke cewa a turo kuɗi asusunsa. Cinikin biri a sama ne. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a watan Afrilu na 2025, kowanne ya zo da sabuwar riga, kowanne ya tafi da kuɗin makaranta da na aure da na iri. Sabuwar dokar hannun jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan damfara, to amma ɗaurin ɓarawo ba ya mayar da damina. Ko kasuwar gaskiya ma tana da haƙora. Waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari a farkon 2008 sun ga yadda kasuwar Ikko ta zubar da wajen kashi biyu cikin uku na darajarta cikin shekara guda.

Duk da haka ba na cikin masu cewa mu nisanci hannun jari gaba ɗaya, domin wannan tsoron ne ya sa aka yi rabon 1972 ba mu. Wanda yake da rarar kuɗi, bayan ya sayi iri, ya biya haya, ya ajiye na asibiti, ya je ya buɗe asusu wurin dillalin da sunansa ke cikin rajistar hukumar SEC, ya tabbata an ba shi lambarsa ta CSCS inda ake rubuta hannun jarin kowa da sunansa, ya kuma cika takardar da za ta sa ribarsa ta riƙa faɗawa asusunsa na banki. Ya gaya wa matarsa da babban ɗansa inda takardun suke. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar da masu ita ba su zo sun karɓa ba ta kai wajen naira miliyan dubu 190, kuma ba na shakka a cikinta akwai ta 'yan ci-rani da suka koma gida suka rasu, magada ba su san da ita ba.

Amma abin da nake ganin ya fi mana shi ne mu fara daga yankin hanyar da muka sani, watau tsakanin kasuwar Kwoi da bakin jirgi. A nan ne kuɗin cittarmu ke zubewa, a nan ne kuma ƙaramin jari yake iya yin aiki. Kusan kowace unguwa ta 'yan Arewa a Kudu tana da ƙungiya, ta gari ko ta coci ko ta masallaci ko ta sana'a, kuma kowace tana tara kuɗi don biki da jana'iza da kai gawa gida. Me zai hana ƙungiyoyin mutanen Jaba da Kachia da Kagarko da ke Ikko da Fatakwal su yi rajistar kamfani guda, kowa ya sayi hannun jari gwargwadon ƙarfinsa, da akanta na waje mai binciken littafi kowace shekara, su kama sito, su nemi lasisin ejan, su riƙa haɗa cittar manoma goma ko ashirin ta cika kwantena? Kwantena ɗaya mai ƙafa 40 tana cin fiye da ton 20 na busasshiyar citta, abin da ƙaramin manomi ba zai cika shi kaɗai ba, shi ya sa yake sayarwa a bakin gona ga wanda zai iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na san abin da mai karatu zai ce, ya ga ƙungiyoyi da yawa da ma'aji ya cinye. Ni ma na gani, har da wadda na zuba kuɗina a ciki. Abin da ya kashe ta shi ne mun ji kunyar tambayar dattijo lissafi. Kamfani mai hannun jari maganin wannan kunya ne, domin doka ce ke tambaya, ba ƙaramin yaro ba.

Ga hukuma kuma ina da magana biyu. Ta farko, tashar tsandauri ta Kaduna da ke Kakuri, wadda aka buɗe a watan Janairu na 2018, an yi ta ne domin a duba kaya a rufe kwantena tun daga Arewa. Amfaninta ga mutumin Kwoi ya rataya ne a kan jirgin ƙasa mai tafiya a kan lokaci, da kuma farfaɗo da layin Gabas mai ratsa Kafanchan, wanda aka ƙaddamar da gyaransa a watan Maris na 2021, aka buɗe yankin Fatakwal zuwa Aba a 2024. Ranar da tarago ya sake ɗaukar citta daga Kafanchan zuwa Fatakwal, rabin wahalar Apapa ta ƙare mana. Ta biyu, duk lokacin da za a sabunta hayar dandalin lodi ga wani kamfani, na gida ne ko na waje, a sa masa sharaɗin ya kawo wani kaso na hannun jarinsa kasuwar Nijeriya. An yi haka a harkar waya, MTN ya shiga kasuwar a 2019, a ƙarshen 2021 ya sayar wa jama'a kai tsaye, har mai shago ya saya ta wayarsa. In kuma an zo sayarwa, a yi shela da Hausa da sauran harsunanmu a rediyon Kaduna da Kafanchan da kasuwar Mile 12, a ba da isasshen lokaci, kada a maimaita 1972. Wakilanmu a Majalisar Tarayya su ne ya kamata su ɗauki wannan magana, mu kuma mu tambaye su ita duk ranar da suka zo Agege neman ƙuri'a.

Akwai kuma jarin da ba a saye a kasuwa. Na ce dukiyar dillali iliminsa ne da amanarsa. Makarantar koyon aikin jiragen ruwa tana nan a Oron ta Jihar Akwa Ibom, cibiyar koyon fasahar sufuri tana nan a Zariya, kusa da gida. Kwoi kuwa gari ne da ya rungumi boko tun zuwan 'yan mishan a 1910, ya fitar da malamai da likitoci da hafsoshin soja. Ban ga abin da zai hana shi fitar da mai iya karanta takardar shatar jirgi ba.

Shi ɗan ƙanwata, washegari na raka shi banki ya tura kuɗin ga mahaifiyarsa, da sharaɗin a sayi iri daga gonar da cutar ba ta shiga ba, a kuma canza fili. Ya rage naira 10,000, ya ce da ita zai buɗe asusun hannun jari da sunansa, ya ga yadda abin yake. A kan hanyarmu ta komowa ya tambaye ni ko nawa ake biya a yi rajistar kamfani, kuma ko zan zo taron ƙungiyarsu na ƙarshen wata in maimaita abin da na gaya masa a gaban dattawa. Na ce zan zo, in dai za a kawo littafin ma'aji a ajiye a kan tebur.